Ruwan Gwanda da Rigar Malam Bawa

Ku da kuke ganin wanki ba komai ba ne illa ruwa da sabulu da ƙarfin damtse, ku matso ku ji. Kwanakin baya wata 'yar ƙanena da ke karatu a jami'a ta zo mini da wata kwalba, tana ta zuba bayani, wai sabon abu ne, akwai wani sinadari a ciki mai suna enzayim, yana cinye tabo da wari ba tare da ya cuci hannu ko ƙasa ba. Na bar ta ta gama tsaf, don ba kyau a katse mai ilimi. Da ta yi shiru na nuna mata gwandar da ke bakin rijiyarmu, na ce ga kakar kwalbarki can tsaye. Ta yi dariya, ta ɗauka zolaya ce. Ni kuwa na yi shekara ashirin da ɗoriya ina cin abinci da wannan bishiya a cikin birnin Zazzau, da ita kuma na yi ɓarnar da har yau nake nadama.

Sunana Iro. Ban tashi cikin wanki ba, manomi ne ni a wani ƙauye bayan Kufena. Da aurena da 'yata guda na shigo birni, bayan gona ta ƙi mu damina biyu a jere. Ƙanin mahaifiyata, Kawu Tanko, shi ya karɓe ni. Yana da rumfar wanki da bugu a wani lungu kusa da Ƙofar Kuyambana, lungun da idan jaki ya shigo da kaya sai mutum ya manne da katanga. Kayan aikinsa ba yawa: kwatanniya huɗu, bahon ƙarfe biyu, dutsen guga na gawayi, gungumen bugu da mabugai biyu da hannu ya goge har suna sheƙi, sai wasu ƙananan tukwane da ya jera bayan ƙofa, waɗanda ya hana ni taɓawa wata shida cur.

Aikin farko da ya sakar mini ni kaɗai zannuwan gado ne na yara daga gidan wani ɗan kasuwa, guda biyar, zarni kamar ya kayar da mutum. Na zage na dirje su da sabulu har fatar yatsuna ta saɓule. Da suka bushe na ji da saura, sai na yi dabara irin ta ɗan ƙauye, na turara su da turaren wuta, na ninke, na kawo ina jiran yabo. Kawu ya ɗauki ɗaya ya kai hanci, ya sake kaiwa.

“Iro, wanki na sa ka ko kwalliya?”

“Wanki, Kawu.”

“To, ka yi wa wari ado ka maido mini shi. Yaro ya kwanta ya yi gumi a kai, zarnin nan zai tashi ya yi sallama da mutanen gida. Kwashe mu koma.”

Ranar ya buɗe mini tukwanen. Ya ce mai wanki da hanci yake fara aiki, ba da hannu ba. Kafin ka jiƙa tufa sai ka san abin da ya ɓata ta, daga ina ya fito. Tsatsa, wadda ƙusa ko bakin adaka ke bari, lemun tsami da gishiri da rana. Manja, ruwan toka mai ɗumi da sabulun salo, sannan a shanya rana ta ƙarasa. Goro kuwa, idan ya kwana uku a farar riga, ka gaya wa mai ita gaskiya tun da wuri, kada wankin hula ya kai ka dare. Amma duk abin da ya fito daga jikin mutum ko dabba, jini, tumbuɗin jariri, ƙwai, romon nama, gumin hammata, fitsarin kwance, wannan aikin gwanda ne.

Ga yadda muke yi. A sami ɗanyar gwanda tana kan uwarta, a tsattsage ta da bakin wuƙa da sassafe, farin ruwan nan nata ya ɗiga a ƙoƙo. Idan babu, a daka ɗanyen ganyen a tace. A zuba cikin ruwan da rana ta ɗan taɓa, ba mai zafi ba, a tsoma wurin tabon a bar shi ya jiƙa. Ba dirza, ba duka. Kawu ya ce in tuna yadda mata ke naɗe naman tsohuwar saniya a ganyen gwanda ya yi laushi. Abin da ke cin naman nan shi ke cin jinin da ya bushe a cikin zare, idan kuma ya cinye abin da ke ruɓewa, wari ba shi da wurin zama. Ku dai kiyaye idonku, kuma kada ku daɗe da hannu a ciki, tana da ƙaiƙayi. Ban da wannan, ruwan da muka gama da shi a gindin kubewar matar Kawu muke juyewa, agwagin lungu su yi ta wasa a ciki, ko ɗaya ba ta taɓa yin ko tari ba.

Doka ɗaya ya gindaya mini, ya kuma maimaita ta har na gaji da ji. Gwanda ba ta da hankali, ba ta san jini daban, zaren dabba daban ba. Ulu gashin tunkiya ne, alharini tsutsa ce ke saƙa shi, duk nama ne a wurinta. Don haka kafin ka tsoma rigar da ba ka sani ba, ka tsinko ɗan silin zare ta ciki, ka kai shi wuta. Auduga tana ci fal, ta bar toka mai laushi. Zaren dabba kuwa ƙudundunewa yake yi, ya yi ƙauri kamar ana babbaka kan rago. Ka ji wannan ƙaurin, ka rufe tukunyar gwanda ka nemi wata hanya. Akwatin ashana ba ya rabuwa da aljihun Kawu, ga shi ko sigari bai taɓa sha ba.

Shekarar da sabulu ya yi wuya, zamanin soja, lokacin da sai an bi layi a rana kafin a sami sanda guda, masu wanki da yawa sun rufe rumfa. Wasu sun koma dako, wasu sun koma ƙauye. Mu ma mun ji jiki, don mutane sun koma wanke kayansu a gida, sai abin da ya gagara ake kawo mana. To abin da ya gagara shi ne namu. Da asuba mukan ɗora kaya a keke mu fita ta ƙofa mu nufi gindin Kufena, inda ruwa ke kwanciya a kan fa, mu yi wanki da toka da gwanda da ɗan sabulun salo, mu shanya a kan dutse. A shekarar ce sunanmu ya zagaya birni. Mahauta suka san mu, ungozomomi suka san mu, matar da jaririnta ya ɓata mata zanen fita ta san inda za ta aika. A shekarar kuma Kawu ya kwanta ciwon ƙirji, bai ga damina ta gaba ba. Allah ya jiƙansa. Ya bar mini rumfa da tukwane da sunan da ya gina.

Bayan abubuwa sun sassauta sai ruwan bilic, na kanti mai sa tufa fari, ya cika kasuwa, kowa ya koma kansa. Ni ma na gwada, ba zan yi muku ƙarya ba. Yana da sauri, farin kaya kuma ya fito kamar sabo. Amma wata uku na yi hannuwana suka tsattsage, kubewa ta ƙone, riguna suka fara yagewa a kafaɗa tun ba su tsufa ba, maƙwabciyata kuma ta zo har bakin rumfa riƙe da 'yan agwaginta biyu matattu, ta wanke ni tas ba sabulu. Na koma wa gwanda. Daga nan ne fa kaina ya fara girma. Ana cewa a kai wa Iro, in ya gagari Iro a yi tsumma da shi, ni kuma ina jin daɗin ji. Kayan da ake kawowa duk shadda ce da yadin kanti, ɗinkinsu zaren kanti, ina gani na san su. A hankali na daina taɓa ashana. Ban yanke shawarar dainawa ba, kawai dai wata rana na lura ban san inda akwatin yake ba, ban kuma nema ba.

Wata Talata da hantsi mota ta tsaya a bakin lungu, don ba ta iya shigowa. Wani ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Gyallesu, Alhaji Sani, ya fito riƙe da hannun wani tsoho, ɗaya hannun kuma da ƙunshi. Tsohon mahaifinsa ne, Malam Bawa. Na san sunan, kowa a birni ya san shi, a zamaninsa babu mai ɗinkin hannu kamarsa, sarakuna da attajirai daga nesa suke aiko masa da riguna. Amma a lokacin ido ya tafi gaba ɗaya, shekara kusan goma. Na shimfiɗa masa tabarma a gefen gungume, ya zauna ya jingina sandarsa.

Alhaji Sani ya kwance ƙunshin. Farar babbar riga ce ta saƙar hannu, mai nauyi, aikin aska takwas ya cika ƙirjinta, ga tambari a dama kamar an zana da alƙalami. A kan aljihu, tsakiyar aikin, ga jini ya bushe ya yi baƙi, faɗin tafin hannu biyu, ƙarni gauraye da warin adaka.

“Tun Babbar Sallah ne,” in ji Alhaji. “Baba ya dage sai ya dafa ragonsa ana yankawa. Mata kuma suka zuba mata tafasasshen ruwa, wai taimako, da abin ya ƙi suka ɓoye a adaka. Gata, Juma'a, ɗaurin auren babban ɗana, ya ce shi in ba wannan ba, ba zai sa wata ba. Ka san tsofaffi. Ba mu da taim, Malam Iro.”

Daga kan tabarma tsohon ya ce, “Ita kaɗai na bar wa kaina. Sauran duk suna jikin mutane, ko sun mutu da su. Shekara biyu na yi a kanta, ita ce ta ƙarshe da idona ya gani.”

Na ce Allah sarki, Baba, sannan na juya na ci gaba da magana da ɗansa. Wannan juyawar ita nake so ku riƙe. Duk tambayar da na yi, Alhaji na yi wa: yaushe ya zuba, an sa sabulu ko ba a sa ba, ƙarfe nawa za a zo karɓa. Na duba zaren aikin, na ga ya yi ƙasa-ƙasa, na ce a raina auduga ce ta tsufa. Malam Bawa ya ɗan gyara murya kamar zai ce wani abu, Alhaji ya duba agogo ya ce ofis na jiransa, ya kama hannunsa suka tashi.

Jinin da ruwan zafi ya dafa ba ya fita da wasa, na san haka. Don haka na tsaga gwanda huɗu maimakon ɗaya, na ƙara ɗan jiƙon kanwa don abin ya yi kaifi, na tsoma ƙirjin rigar tun hantsin Laraba, na ajiye kwatanniyar inda rana ke bugawa. Azahar na duba, baƙin ya koma ja. Na ce a ƙara masa. Sai bayan la'asar na cire, na ɗauraye a ruwa uku. Wallahi ta fita fes. Ba jini, ba ƙarni, ko inuwar tabon babu. Na shanya ta ina tafiya ina waiwayenta, har na kira mai shayin bakin lungu ya zo ya ga aiki.

Alhamis da safe na yayyafa mata ruwa, na ninke, na ɗora a gungume na fara bugu. Ban yi bugu ashirin ba na ga wani abu kamar burbushin gero yana zubowa ta gefen ninkin. Na tsaya. Na buɗe. Zaren aikin ya zama gari. Duk inda ruwan gwanda ya taɓa, ina shafawa yana bin yatsana. Aska uku sun tafi, rabin aljihu ya zama fili, sai 'yan ramukan allura a jere, dubbai, suna nuna inda aikin yake a da. Na tsinci ɗan abin da ya saura, na shiga gida na kai shi bakin murhu. Ya ƙudundune, ƙaurin kan rago ya bugi hancina. Zaren tsamiya ne, alharinin gargajiya da ake samu daga gidan wata tsutsa a jikin itace, wanda masu ɗinkin da suke ji da shi. Na zauna a ƙasa. Tsoro na ji, da kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Na naɗe rigar na hau keke zuwa Unguwar Magajiya, wurin wani mai ɗinki da na sani. Ya buɗe, ya daɗe yana kallo, ya ce, “Inna lillahi. Wannan ai hannun Malam Bawa ne.” Na ce ko zai iya cikewa kafin gobe. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce ko zaren sai an yi cigiya wata da watanni, in ma an samu, shi bai isa ya sa allurarsa inda ta Malam ta bi ba.

Da yamma Alhaji Sani ya zo. Na nuna masa, ban ɓoye komai ba. Ya yi salati, ya zazzaga mini faɗa rabi Hausa rabi Turanci, na sunkuyar da kai don na cancanta. Da ya huce sai ya rage murya.

“Ka ga, abin da ya faru ya faru. Ninke ta da kyau mu kai wa Baba tare. Kada ka ce komai. Ba gani yake ba, gobe a sa masa, a yafa masa alkyabba a kai, shi ke nan. Faɗa masa ba abin da zai ƙara sai ciwo.”

Ni kuwa na yarda. Wannan ma ku rubuta a cikin laifina. Mutane sukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, an kuma faɗa mini haka don a sanyaya mini rai, amma ni na san abin da na yi ba tsautsayi ba ne.

Mun sami Malam Bawa a zauren gidansa a cikin birni, zaune a kan buzu, bayan la'asar. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye rigar a gabansa. Alhaji ya ce, “Baba, ga ta nan, ta fita fes, kamar yau aka ɗinka.” Tsohon ya ɗauke ta ya kai hanci. Sannan ya warware ninkin a kan cinyarsa, ya ɗora yatsunsa a wuyan rigar, ya fara gangarowa a hankali, yana bin aikin kamar mai bin layin karatu. Yatsun suka bi aska ta farko har ƙarshenta, suka bi ta biyu. Da suka zo inda ta uku take, suka tsaya. Suka koma baya, suka sake zuwa. Sai ya shimfiɗa tafin hannunsa duka a kan filin, ya bar shi a nan.

“Gwanda,” ya ce. Ba tambaya ba ce.

“Ita ce, Baba,” na ce. “Ni na yi. Ban gwada zaren ba.”

Alhaji ya fara cewa ai ba wani abu ba ne, alkyabba za ta rufe. Tsohon ya ɗaga masa hannu, ya katse shi.

“Nan ta uku take,” ya ce, yana shafa ramukan allurar. “Wata biyu ta ci, da azumi a ciki. Tanko ne ya koya maka aiki, ko?”

“Shi ne.”

“Tanko ya wanke mini riguna shekara da shekaru. Ko ashana ba ya buƙata a kaina, tambayata yake yi.” Ya juyo da fuskarsa daidai inda nake, kamar yana ganina. “Iro, ranar nan ina zaune kusa da gwiwarka. Ni na kaɗa zaren nan da hannuna. Ido ne ba ni da shi, bakina yana nan. Da ka tambaye ni.”

Na roƙi gafara, ya ce ya yafe, ya kuma sa mini albarka, wanda ya fi mini zafi a kan ya zage ni. Bai taɓa gaya wa kowa sunana ba. Kaya suka ci gaba da zuwa rumfata kamar ba abin da ya faru, ana ta cewa a kai wa Iro.

Ranar Juma'a na je ɗaurin auren, na tsaya can baya inda ba za a lura da ni ba. Ya ƙi alkyabbar. Rigarsa ya sa, ita kaɗai, fara tas, aka zaunar da shi a gaba cikin manyan mutane. Jama'a suka yi ta zuwa suna durƙusawa suna gaishe shi, shi kuma hannunsa na dama yana dafe a ƙirjinsa ta hagu, tun da aka fara har aka shafa fatiha bai sauke ba. Kowa ya ɗauka gaisuwa yake amsawa. Ni da ɗansa kaɗai muka san abin da yake rufewa.